Hajiya Mahfuza Da Jihar Da Ta Ce Ba Ta Da Abin Cewa

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Ranar Laraba, 19 ga Fabrairu, 2025, wadda ta yi daidai da 20 ga Sha'aban, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran Hajiya Mahfuza Tanimu a wani asibiti a nan Dubai. Ma'aikaciyar gwamnatin jiharmu ce, ta daɗe tana mataimakiyar darakta a ma'aikatar ciniki kafin a ɗauke ta daga wurin. Ta rasu nesa da mijinta da 'ya'yanta, a hannun 'yan kasuwa da ma'aikatan da ta zo dominsu.

Sunana Fiddausi Haladu. Na daɗe a kasuwar Deira da ke nan Dubai ina karɓar riɗi da zoɓo daga gida, ina sayar wa masu sari. An ce mini ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce, kuma na yarda. Na zauna da niyyar in rubuta abu mai sanyi, amma alƙalamin ya ƙi. Mutuwa kam ta Allah ce, ba ni da ja a kanta. Abin da aka yi miki kafin ta zo, Hajiya, mutane ne suka yi shi, kuma suna nan da ransu suna yawo.

Ranar da na fara ganinki, tawagar jiharmu ce ta zo. An yi ta yaɗa sanarwa a wayoyinmu cewa kwamishinan ciniki zai gana da 'yan jiha mazauna Dubai, domin ƙasarmu na shirin ƙulla yarjejeniyar kasuwanci da wannan ɓangare na duniya, kuma ana son jin ta bakinmu. Muka rufe shaguna. Sati, ɗan jiharmu mai kula da wani sito a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ya roƙi hutun yini guda ya hau bas ya taho. Muka cika ɗakin taro a wani otal, muka yi ta jira har sanyin na'ura ya fara shiga ƙashinmu. Da kwamishina ya shigo, ya yaba mana, ya kira mu jakadun jiha, aka ɗauki hotuna, ya ce yana da wani uzuri. Ko tambaya ɗaya ba a karɓa ba. Da yammacin ranar wasunmu suka ga uzurin da idonsu, domin sun haɗu da 'yan tawagar a babban kanti suna tura keken kaya.

Ke kaɗai kika rage a ɗakin. Ina tuna ki da mayafi ruwan toka, kina bin kujeru kina ba mutane haƙuri kamar ke kika yi laifin. Kika tambaye ni, "Ƙanwata, gobe a ina zan same ku?" Na faɗa miki sunan layinmu ne kawai don kada in yi rashin kunya. A raina na ce, ita ma irinsu ce.

Washegari da hantsi sai ga ki. Kin hau jirgin metro, kin ɓace, kin tsallako ruwa a kwalekwalen da ake kira abra, kin yi ta tambaya har kika iso, gumi ya jiƙa miki mayafi. Muka kai ki shagon Illa, wani ɗan Maraɗi da ya fi mu duka daɗewa a kasuwar. Babu kujerar kirki, kika zauna a kan buhu. Illa ya ce, "Madam, ni fa ba ɗan jiharku ba ne, bari in ba ku wuri." Kika tambaye shi daga ina riɗin da kike zaune a kai ya fito. Ya ce daga kasuwannin jiharku. Kika ce, "To, Alhaji, zauna. Bakinka ma namu ne."

A nan kika koya mana abin da babu wanda ya taɓa damuwa ya koya mana. Kika ce jiha ba ta sa hannu a yarjejeniya da wata ƙasa, wannan aikin gwamnatin tarayya ne. Amma kafin masu tattaunawa su zauna da baƙi, sukan aiko wa kowace jiha su ce ta faɗi abin da take so a nema mata da abin da take tsoro. Daga nan ma'aikatar ciniki za ta kira ta noma da ta shari'a, ta kira ƙungiyar 'yan kasuwa da ta manoma, a zauna, a tace, a fitar da matsaya guda. Kwamishina ya sa hannu, gwamna ya amince, a aika kafin wa'adi ya cika. Ke ce sakatariyar wannan kwamiti. Kika ce da mu, "Wanda bai yi magana yanzu ba, ranar da aka rufe ƙofa sai dai ya yi da bango."

Muka yi magana kuwa. Duk bakinmu ya zo ɗaya a kan gwaji. Riɗinmu mai kyau ne, kowa a kasuwar ya sani. Amma masu saye suna son shaidar cewa babu ragowar maganin ƙwari ko ruɓa a cikinsa, kuma shaidar sai daga ɗakin gwajin da aka amince da shi. Jiharmu tana da ginin ɗakin gwaji, an yi bikin buɗe shi da kiɗa, amma ba a taɓa nema masa amincewar kowa ba. Saboda haka kayanmu sai su iso tashar jiragen ruwa su zauna jiran sabon gwaji, rana tana dafa su a cikin kwantena, mai saye ya gaji ya koma wajen wani.

Kika ce sai kin gani da idonki. Sati ya nemo miki izinin shiga, kika bi shi Jebel Ali cikin zafin da ko mu da muka saba ba ma so. Ya ba ni labari cewa da aka buɗe ƙofar wata kwantena da ta daɗe tana jira, kika sa hannu cikin buhu, kika ɗebo, kika shinshina. Can kika ce masa mahaifiyarki da sheƙar riɗi ta biya miki makaranta, kuma kin san bayan mace nawa ya sunkuya kafin buhu ɗaya ya cika. Sati ya ce bai taɓa ganin ma'aikacin gwamnati ya tsaya gaban kayan wani yana share hawaye ba.

Tun daga nan kika zama tamu. Lokacin da aka mayar mini da kaya gaba ɗaya, na kira ki ina kuka, ban ma san me nake so ki yi mini ba. Ba ki ce mini in yi haƙuri kawai ba. Kina can gida, ranar Asabar kika shiga motar haya kika tafi ƙauyenmu, kika tara matan da suke tsince mini riɗi a gidan mai unguwa, kika nuna musu illar shanya a bakin kwalta da zuba maganin rumbu a cikin buhu. Innata ta kira ni daga baya tana cewa, "Wace ce wannan baiwar Allah da ta ci tuwonmu da hannu, ta ƙi karɓar ko kaza?" Da matar Sati, Mary-Jane, ta haihu can jiharmu aka yi mata aiki shi yana nan, ke kika kwana biyu kina zarya asibiti, kika ɗauki jaririn a hoto kika turo masa. Ba addininku ɗaya ba, ba garinku ɗaya ba. Har yau Mary-Jane Mama take kiranki.

Yanzu bari in faɗi abin da aka yi da maganarmu, domin kin ba ni labarinsa kashi-kashi a waya, 'yarki Aishat kuma ta cike mini sauran.

Kin koma gida kin kira taron kwamiti. Ma'aikatar noma ta ce ita ya kamata ta shugabanta, tunda riɗi a gona yake fitowa. Ma'aikatar ciniki ta ce a'a, tunda a kasuwa yake ƙarewa. Aka shafe watanni ana wannan jayayya. Da aka samu aka zauna, manyan suka turo ƙananan ma'aikatan da ba su da ikon cewa e ko a'a, wasu ma sun zo ne don su sa hannu a takardar halarta su tafi. Ba ki karaya ba. Kika bi ƙungiyoyin manoma har garuruwansu, kika zauna da masu sarin fata da masu zoɓo, kika haɗa da abin da muka faɗa miki a nan. Kika rubuta matsayar jiha a fili, yadda ko ni zan gane: a sa ɗakin gwajinmu cikin waɗanda za a duba a amince da su, a ba ƙananan masu fitar da kaya lokaci su shirya kafin sababbin ƙa'idoji su fara aiki, a kuma buɗe wata ƙofa da ɗan kasuwa zai kai kuka idan an riƙe masa kaya ba dalili.

Ma'aikatar shari'a ta riƙe rubutun ta ce tana nazari. Da ya fito daga can, ya hau teburin kwamishina ya kwanta. Lokacin siyasa ne, mai girma yana yawon neman tikiti. Kin je ofishinsa har masu gadi suka haddace takunki. Kin tsaya masa a bakin mota. Ya ce miki, "Hajiya, kin cika gaggawa, kamar ke za ki sa hannu a yarjejeniyar." Da wa'adi ya zo, wani a ofishinsa ya zauna ya aika wa tarayya amsa mai layi biyu, cewa jiharmu ta duba, kuma ba ta da abin cewa.

Ba ta da abin cewa! Jihar da matanta suke wayar gari a kan tabarma suna tsince tsakuwa daga riɗi har idonsu ya mutu. Jihar da 'ya'yanta suke tsaye a tashar jiragen ruwan wata ƙasa suna kallon guminsu yana ruɓewa. Mun rufe shagunanmu, mun yi magana har muryarmu ta dushe, kin bi ƙauyuka a motar haya, sannan wani da bai taɓa ɗaga buhu ba ya ce ba mu da abin cewa. Wa ya tambaye mu? Da yawun wa ya yi wannan magana?

Da jami'an tarayya suka zo jiharmu taron wayar da kai, aka karanta wannan amsa a gaban jama'a, kika miƙe. Wani ya ɗauka a waya, mun kalla a nan Deira har ba adadi. Kika dubi kwamishina kika ce, "Ranka ya daɗe, ina neman afuwa. Ni ce sakatariyar kwamitin. Wannan ba matsayar jiha ba ce. Matsayar jiha tana kan teburinka, ba a buɗe ta ba." A shagon Illa kuwa muka yi ta tafi kamar kina jinmu.

Ba mu san tafin zai zame miki wuta ba. Ba a jima ba aka ɗauke ki daga hedikwata, aka tura ki ofishin awo da ma'auni a wata ƙaramar hukuma can bakin iyaka, ki riƙa duba mudu da sikelin mahauta. Mace mai hawan jini, mai shekaru, aka raba ta da likitanta da iyalinta, aka ce wai sauyin aiki ne na yau da kullum. Da na kira ki ina zage-zage, kika yi dariya kika ce, "Fiddausi, mudu ma amana ne. Bar su."

Ni ban bar su ba, kuma ba zan bar su ba. Domin mun ga abin da ya biyo baya. Jihohin da suka aika matsayarsu an duba ɗakunan gwajinsu. Yanzu riɗin jiharmu sai an loda shi a mota an kai maƙwabta, a gwada shi a can, ya fito da sunansu. Masu sheƙa da masu tsinta na can suka samu aiki, namu suka koma zaman jiran tsammani. Illa da kansa ya kira ki ya ce, "Madam, ki yafe mini, na koma saye daga wancan gefen. Masu saye ba sa jira, khalas, shi ke nan." Kika ce masa ba shi da laifi, ɗan kasuwa inda hanya take yake bi.

A farkon watan nan kika kira ni kika ce kin ɗauki hutu, za ki zo babban baje kolin kayan abinci da ake yi a nan. Kin ji cewa za a sake duba wasu sassan yarjejeniyar, kuma idan masu saye na nan suka shaida da bakinsu cewa suna son riɗin jiharmu, wataƙila a sake buɗe mana ƙofa. Na ce, "Hajiya, ai ba aikinki ba ne yanzu." Kika ce, "An ɗauke ni daga kujera ne, ba a ɗauke ni daga jihar ba." Da guzurinki kika zo, kika sauka a ɗan ɗakina a unguwar Satwa. Na ga ƙafafunki sun kumbura, na ga kina tsayawa a matakala kina mayar da numfashi. Na yi miki magana, kika ce gajiyar jirgi ce.

Ranar Talata muka tafi baje kolin tare. Jiharmu ta kama rumfa, an yi mata ado, an kafa manyan hotunan shugabanni, an ajiye ƙwarya guda ta riɗi a kan tebur. Babu kowa a ciki. Tawaga guda aka turo daga gida saboda wannan rumfa, amma ko mutum ɗaya ba ya wurin. Baƙi suna zuwa, su leƙa, su wuce. Kika dube ni, kika ajiye jakarki, kika shiga bayan teburin. Daga safe har rana ta take kina tsaye kina amsa tambayoyin Larabawa da Indiyawa da Turkawa, kina zuba musu riɗi a tafin hannu, kina faɗa musu sunayen garuruwan da ake noma shi. Rabon da in ga fuskarki da haske haka tun ranar shagon Illa.

Sai ga wani jami'in tawagar ya iso, da ledojin sayayya a hannu biyu. Ya san ki sarai, a ƙarƙashinki ya fara aiki. Bai gaishe ki ba. Ya ce, "Hajiya, wa ya ba ki izinin tsayawa nan? Sunanki ba ya cikin tawaga. Kada ki ja mana magana wurin oga." A gaban baƙi ya faɗa. Na buɗe baki zan wanke shi, kika riƙe mini hannu. Kika ɗauki jakarki, kika ce masa, "Ga rumfarku nan. Don Allah ka zauna a cikinta." Ba mu kai ƙofar fita ba kika ce kanki yana juyawa, kika jingina da ni, kika sulale.

Ma'aikatan wurin sun yi ƙoƙari, motar asibiti ta zo da sauri. Likita ya ce jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba ki sake magana ba. Washegari ina riƙe da hannunki, Ni'imatu matar Illa tana karanta miki kalmar shahada, kika cika.

Tawagar jiharmu tana garin nan duk tsawon wannan lokaci. Na kira su, Sati ya kira su. Wayar wannan tana kashe, wancan ya ce zai sanar da na sama. Babu wanda ya taka asibitin. Da iyalinki suka yanke shawarar a yi miki sutura a nan, Sati ne ya bar aikinsa ya yi ta zarya tsakanin asibiti da 'yan sanda da ofishin jakadanci har takardu suka fito. Ni da Ni'imatu muka tsaya wajen wanka. Illa ya bi shaguna yana cewa, "Yalla, maza a rufe, uwarmu ce ta rasu." 'Yan kago masu jigilar kaya, masu ɗinki daga Satwa, direbobi, 'yan Nijar da 'yan Gana da ba su taɓa taka jiharmu ba, su suka yi sahu suka sallace ki. Sati da abokansa na coci suka tsaya daga gefe cikin rana, hulunansu a hannu, har aka gama. Daga gwamnatin da kika yi wa aiki tun kina budurwa, ko mai ɗaukar jaka ba mu gani ba.

Bayan an yi addu'ar uku sai ga waya daga gida. Wani ne daga ofishin kwamishina. Ya yi mini gaisuwa sama-sama, sannan ya ce ma'aikata za ta buga ta'aziyya a jarida, cewa Hajiya ta rasu a bakin aiki tana wakiltar jiha a Dubai, ko ina da hotonki a cikin rumfar? Ya ƙara da cewa akwai tawagar ta'aziyya da za ta taso, in taimaka in duba musu otal mai kyau, wanda bai yi nisa da kasuwa ba.

Na ce masa, "Malam, hoton yana nan, amma ba zan ba ku ba. Kun kore ta daga rumfar tana da rai, ba za ku mayar da ita ciki tana kabari ba. Masu ta'aziyya kuma, mijinta da 'ya'yanta suna nan garinku, ko man mota ba za ku ƙona ba kafin ku isa gidan. Ku fara da can." Ya ce in yi haƙuri, shi ma aiko shi aka yi. Na ce na sani, kullum aiko ku ake yi, shi ya sa ba a taɓa samun mai laifi.

Hajiya, na san da kina nan da kin riƙe mini hannu kin ce in bar su. Ki yafe mini, wannan karon ban iya ba. Waɗanda suka danne maganar talakawa, suka wulaƙanta ki don kin faɗi gaskiya, na bar su da Allah, Shi da ba a ajiye ƙara a teburinSa ta kwana ba a duba ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Mahfuza ta zo maka baƙuwa, daga ƙasar da ba tata ba. Ka jiƙanta, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa wahalar da ta sha domin bayinKa ta zame mata sanyi ranar da babu inuwa sai taKa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukkan 'yan kasuwar Deira da ma'aikatan Jebel Ali, ga maigidanta Alhaji Abdulhakeem, da 'ya'yanta Aishat da Muhsin, da 'yan'uwanta baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku. Aishat, ba ki samu ganin fuskar mahaifiyarki ba, amma ki sani ba a binne ta a wulaƙance ba. Hannuwan da suka ɗauke ta duk na masu ƙaunarta ne. Duk ranar da Allah ya kawo ki garin nan, ɗakina naki ne, kuma da kaina zan kai ki inda take.

Allah ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.